Shawara nake nema: yaya zan ƙawata wurin shaƙatawa a bakin teku ba tare da ruwa ya ci mutum ba?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani, musamman waɗanda suka zauna kusa da teku ko suka taɓa cin abinci a bakinsa.

Zanen gine-gine na karanta a Zariya, yanzu ina Legas ina ɗan taɓa aiki. Wani Alhaji mai harkar shanu a Agege ya karɓi hayar fili a bakin teku can wajen Ibeju-Lekki, faɗinsa ta fuskar ruwa zai yi mita 200. Burinsa ya buɗe wurin shan iska na iyali, inda mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 za su kai matansu da 'ya'yansu yawon Sallah. Ba giya, ba kiɗan da zai hana ka jin maganar na kusa da kai, ga wurin alwala ga wurin salla. Sharaɗinsa ɗaya ne da ya yi ta nanata mini: duk wanda ya shigo, sai ya ciro waya ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp, don hoton nan shi ne tallarsa.

Ga abin da na zana zuwa yanzu. Ƙofar shiga mai zanko irin ta tsoffin gidajen Birnin Zazzau, da dagi a goshinta. Rumfunan bunu jere, a shafe dirkokinsu da shuɗi mai duhu irin na rinin baba. Fitilu farare masu amfani da hasken rana tun daga wannan iyaka har waccan, don a iya zama har bayan isha'i. Sai abin da Alhaji ya fi ƙauna, wato gadar dutse da za ta shiga cikin ruwa kamar mita 40, da 'yar rumfa a ƙarshenta, ango da amarya su tsaya ruwa na fashewa a bayansu.

Abin da ya hana ni barci shi ne, yawancin waɗanda za su zo ba su iya ruwa ba. Ni kaina iyakacin ilimina kududdufin bayan unguwarmu da damina. Da na tayar da maganar, Alhaji ya ce a kafa alluna manya a rubuta an hana shiga ruwa, shi ke nan an fita hakki. Amma kowa ya san yaron da ya taso daga Funtuwa ya ga teku karon farko a rayuwarsa, babu allon da zai riƙe shi. Kuma ba na so wurin ya cika da jan rubutu da waya mai ƙaya har kyan ya tafi.

To yaya ake haɗa biyun? Akwai inda aka yi abin ya yi kyau kuma ya kare rai? Kuɗin akwai daidai gwargwado, amma ba na Dubai ba ne. Na gode.

Baba Mai Doki:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ke buga mini wannan, ni ina faɗa, don haka in ka ga kuskure nasa ne.

Na yi hayar dawaki a Bar Beach tun ana kiransa Bar Beach, kafin a cike shi da yashi a yi sabon birnin Eko Atlantic, daga baya na koma ɓangaren Lekki. Ban karanta zane ba, amma zan gaya maka abin da idona ya gani daga kan sirdi.

A kogin gida, inda ruwa ke ruri nan ake gudu, inda ya kwanta nan ake wanka da wanki. Mutanenmu da wannan ilimin suke zuwa teku, kuma shi ke kashe su. Igiyar ruwa tana ta turo ruwa bakin gaɓa ba tsayawa, dole ruwan nan ya koma. A ƙarƙashi akwai tudun yashi kwance, to duk inda tudun ya sami giɓi, ta nan ruwan ke tattaruwa ya fice da gudu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa a tsakar gida ya nufi rariya. A daidai wannan makwarara igiya ba ta fashewa, saboda wurin ya fi zurfi. Sai ka ga dama fari fat da kumfa, hagu fari fat da kumfa, tsakiya kuwa shiru, ruwan ya ɗan yi duhu. Baƙo yana zuwa sai ya ce yawwa, ga inda ya fi lafiya.

Wata Sallah na ga samari uku da sabuwar shadda, suka tuɓe huluna suka jera a kan takalmansu, suka naɗe wando zuwa gwiwa. Suka bar wurin kumfa suka zaɓi wurin shirun nan. Ina can nesa da yaro a kan doki, ina ɗaga hannu ina ihu, iska ta kwashe muryata. Na farkon ruwa bai wuce ƙugunsa ba lokacin da yashi ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa. Bai yi ihu ba, ka riƙe wannan, mai nutsewa ba ya samun numfashin ihu. Na biyu ya bi shi. Allah ya kawo masunta suna gyaran koma a kusa, su suka fito da su duka biyun da rai, amma na biyun ya fi jin jiki, don na farkon a wuyansa ya rataya. Iya ruwa fidda kai, to ina ga wanda ko kansa bai iya fiddawa ba.

Daga ƙasa ba kasafai ake gane makwararar nan ba. Ni don ina bisa doki nake ganinta, har ka hango leda da kumfa suna tafiya ciki maimakon su fito. Don haka duk abin da za ka gina wa mai gadin ruwa, ya ɗara tsayin mutum a kan doki sosai.

Shawarata babba kuwa ita ce wannan. Mutum ba ya zaɓen inda zai shiga ruwa da hankali, inuwa ce ke zaɓa masa. Inda ya shimfiɗa tabarma, inda mai tsire yake, inda aka ajiye kular abinci, to ruwan da ke gaban wurin shi zai shiga, ba zai yi tafiyar mita hamsin cikin yashi mai zafi ba. Ka sa rumfunanka masu kyau da masu sayar da abinci a gaban ruwan da ya fi lafiya, ka bar gaban makwarara tsirara, ba inuwa ba kujera. Ba sai ka hana kowa komai ba. Sai dai makwarara tana ƙaura, in teku ya yi fushi kwana biyu za ka tarar ta koma wani wuri. Kada ka dasa rumfuna da kankare. A yi su yadda mutum huɗu za su ɗaga su matsar.

Masu gadi kuma, kada Alhaji ya ɗebo yaran gidansa ya sa musu riga. Ya je ƙauyen masuntan da ke kusa ya gaida shugabansu kamar yadda ake gaida Sarkin Ruwa a Yawuri ko Argungu, ya ɗauki 'ya'yansu aiki da albashin wata. Su suka san ruwan nan tun suna rarrafe. Dawaki da baburan yashi a ware musu hanya ta baya, kada su bi bakin ruwa inda yara ke tona rami. Ni mai doki ne nake gaya maka haka.

Injiniya S.:

Baba ya gama magana kan ruwa, Allah ya ƙara girma. Ni gadar dutsen nan zan taɓa, kuma ƙanena ka yi haƙuri, cire ta za ka yi gaba ɗaya.

A gaɓar Legas igiya tana zuwa ne a karkace daga kudu maso yamma, don haka yashi kullum tafiya yake daga yamma zuwa gabas. Duk abin da ka gina ya tsaya masa a hanya, yashi zai taru a yammacinsa, gabashinsa kuma ya fara zaizayewa. Ba sai an je nesa neman misali ba. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka gina katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Yashi ya tsaya a yamma, Bar Beach da ke gabas ya yi ta cinyewa shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Maganin da aka ƙare da shi shi ne katangar Eko Atlantic, wadda tsawon da aka tsara mata ya haura kilomita 8, da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Taka gadar ƙarama ce, amma halinta ɗaya: maƙwabcinku na gabas zai wayi gari filinsa na raguwa, kuma kotu zai kai ku. Wannan ma in hukuma ta ba ku izinin ginawa ke nan.

Na biyu, jikin irin wannan gini makwarara ke son zama, kuma ta can ba ta ƙaura, dindindin ce. Ruwan da ke bin gaɓa ya zo ya ci karo da dutse, sai ya juya ya bi jikinsa zuwa ciki. Wato da hannunka za ka ƙera abin da Baba ya gama kwatantawa, sannan ka ɗora amarya da doguwar riga a kansa, a kan dutse mai gansakuka. Gudun makwarara mai ƙarfi yakan haura mita 2 a sakan ɗaya, gwanayen ninkaya na gasar duniya ma da kyar suke kai wannan. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓar teku mai igiya, makwarara ce sanadi. Sauƙinta ɗaya, ba ta cika faɗi ba kuma ba ƙasa take jan mutum ba, ciki take kai shi. Wanda ya kwantar da hankali ya bar jikinsa ya taso, ko ya yi iyo zuwa gefe maimakon ya yi kokawa da ita, yakan tsira.

Ka kuma ja gine-ginenka baya sosai. A watan Agusta na 2012 teku ya yi toroƙo a gaɓar Kuramo ta Legas ya kwashe rumfuna da mutane. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan nan ya fi hauka. Ka tambayi ofishin tsara birane na jiha tazarar da doka ta ce a bari, ka ƙara a kai. Tsakanin gini da ruwa a bar tudun yashi da ciyawarsa, musamman mai yaɗon nan mai fure shunayya da ke bin yashi, saiwarta ke riƙe ƙasa. A yi hanyar katako a bisa tudun don kada ƙafa ta kashe ta. Kwakwa a baya, amma ba a saman inda mutane ke zama ba sai in za a riƙa sauke 'ya'yan.

Yanzu ga inda kyau zai yi maka aiki. Bayan guguwar Andrew ta 1992 ta rushe rumfunan masu ceto a Miami Beach ta Amurka, wani mai zanen gini, William Lane, ya zana sababbi masu launi kala-kala da siffofi na ban mamaki. Yau rumfunan nan su ne hoton garin, mutane na zuwa musamman su tsaya a jikinsu. Ka lura da abin da ya faru: abin da aka fi ɗauka hoto shi ne inda mai ceto yake zaune. A Riyo ta Brazil kuma tashoshin masu ceto lamba gare su, har mutane kan yi alƙawarin haɗuwa da lambar, a ce mu haɗu a ta 9. Daɓen gaɓar Copacabana a can Riyo mai zanen igiya baƙi da fari da Roberto Burle Marx ya sake tsarawa a 1970, shi ma ƙananan duwatsu ne kawai aka jera da hannu. To kai zankonka da daginka, me ya sa za su tsaya a ƙofar shiga? Ɗora su a kan hasumiyar mai gadi. Ka yi biyu, dogaye, a ba kowace suna.

Launi kuwa, shuɗin baba ya yi wa rumfunan zama kyau, ban ƙi ba. Amma duk abin da ya shafi ceto kada ya zama shuɗi, don daga cikin ruwa ko daga nesa sajewa yake da sama da teku. Tsarin da duniya ta sani shi ne tuta mai rabi ja rabi rawaya, guda biyu, a yi wanka tsakaninsu kawai, kamar yadda ake yi a Ostireliya da Ingila. Jar tuta zalla, kowa ya fito. Kada ka yi ado da ja ko rawaya a ko'ina cikin wurin, ka bar wa ceto su kaɗai, ido zai koya da kansa.

Kayan aiki: iskar gishiri tana cin ƙarfe da sauri fiye da yadda ka saba gani a Zariya. Katako mai ƙarfi, igiya, bunu, ƙusoshi da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka sa kuɗin sabon fenti cikin kasafin kowace shekara tun yanzu. Fararen fitilu a bakin ruwa ka soke su. Haske gayyata ce, duk inda ka haska da dare ka ce a zo ke nan, alhali mai gadi ba ya ganin kan mutum cikin baƙin ruwa. Ga kunkurun teku da ke hawowa yin ƙwai a wannan gaɓa, farin haske na ɓatar da 'ya'yansa. Fitilu gajeru masu ruwan goro, suna kallon ƙasa, a wajen cin abinci kawai.

Don yara, tafkunan da ake ginawa a bakin teku a Kef Tawun da Sidni a kan dutse suke zaune, gaɓarku kuwa yashi ce zalla, ba za su zauna ba. Ka yi ɗan tafkin siminti iya gwiwa can baya.

Uwar 'Yan Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Duk maza ne suka yi magana, bari in faɗi abin da uwa ke gani.

Injiniya, tafkin nan naka iya gwiwar wa? Gwiwarka ƙirjin ɗan shekara biyu ce. Yaro ƙarami a bokiti ma yana nutsewa, kuma ruwan da iyaye suka raina shi ya fi saurin ɗauke musu ido. In za a yi, to da shinge kewaye, da ƙofa ɗaya mai rufe kanta, da mace zaune aikinta ke nan ba wani ba. In ba za a iya biyan matar ba, gara a yi famfunan da ke fesa ruwa daga ƙasa yara su yi ta tsalle, ruwan na zurarewa ba ya taruwa.

Sai maganar tufafi, wadda na tabbata ba ta cikin zanenka ƙanena. Mu da hijabi har ƙasa muke zuwa, wasu da abaya, 'yan mata da leshi da gyale. Ba wadda ta zo da niyyar wanka. Ƙafa kawai za ta sa. Amma bakin ruwan Legas gangare ne, igiya ɗaya in ta zo ta jiƙa zane, komawarta sai ta ja ki, kayan sun yi nauyi sun nannaɗe ƙafa. Ni da idona na ga mata ta faɗi a ruwan da bai kai gwiwa ba ta kasa tashi, 'yan uwanta maza na tsaye suna shawarar wa ya halatta ya taɓa ta. Saboda haka a cikin masu gadi a sami mace, ko da ba ita ce gwanar iyo ba, ta tsaya ɓangaren mata da igiya da abin jefawa. Kuma a yi ɗakin canza kaya mai ƙofa ta gaske da sakata, ba labule ba, a riƙa ba da hayar riga da wando masu kauri marasa nauyi da suka rufe jiki. In launinsu mai haske ne, ruwan lemo misali, mai gadi zai fi ganinsu. Banɗaki ya zama kusa, don in ya yi nisa uwa za ta bar uku a bakin ruwa ta kai ɗaya.

Hoto kuma, ku lura da yadda ake ɗaukarsa: mutum baya yake ba teku. Duk wanda igiya ta mara da ƙasa a gabana, waya ce a hannunsa. To a yi wa hoton wurinsa. Lilo babba, ko ƙofa mai zanko tsaye ita kaɗai a kan tudu wadda in ka tsaya cikinta teku ya fito a bayanka, nesa da inda ruwa ke kaiwa. Ko a sayi tsohon kwale-kwalen masunta, irin masu fenti da rubuce-rubucen nan, a girke shi a yashi. Layin hoto zai koma can da kansa.

Ɓatan yara ranar Sallah ba a magana. Rumfuna iri ɗaya launi ɗaya, yaro ya juyo daga bakin ruwa duk sun zama ɗaya a idonsa. A gaɓar Beljiyam suna kafa dogayen sanduna da hoto a bisa, wannan ayaba, wancan kifi, wancan ƙwallo, uwa ta ce wa ɗanta muna wajen kifi. Ka yi namu: raƙumi, zakara, tulu, kalangu. A Ajantina kuma in an tsinci yaro, wani ke saɓa shi a kafaɗa mutane su yi ta tafi har iyayen su ji. Wannan ko kwabo ba ya ci.

Allunan da Alhaji ke so, a yi kaɗan, da zane maimakon dogon Turanci. Abin da za a rubuta a sa da Hausa, boko da ajami, da Yarbanci. Amma wanda ya fi allo shi ne mai karɓar kuɗin ƙofa ya gaya wa kowace mota da baki: tsakanin tutoci biyu ake shiga, in an busa usur a fito. Kwalba kuma kada ta wuce ƙofa.

Ɗan Tudun Wada:

Kai, Allah ya saka da alheri. Baba na gode, Yaya Injiniya na gode, Hajiya Allah ya raya mana 'yan biyu.

Na zauna da takarda tun jiya. Abin da ya fito shi ne in ɗauko 'yar rumfar da ke ƙarshen gada in dawo da ita tudu, in ɗaga ta bisa dirkoki ta zama bene na katako. Saman na mai gadi shi kaɗai, hawa na tsakiya na masu hoto, teku gaba ɗaya a bayansu ba ƙafar da ta jiƙe. Zanko huɗu a kusurwoyi. Sandunan raƙumi da zakara sun shiga, famfunan fesa ruwa sun maye tafki.

Inda ban yarda ba kaɗan, Yaya Injiniya, shi ne soke ja da rawaya daga ado gaba ɗaya. Zanen bangon Hausa ba ya tashi sai da su. Ina ganin zan bar su a ƙofar shiga da masallaci, can baya inda ba a haɗa su da ruwa, daga layin kwakwa zuwa teku kuma a bi dokarka.

Matsalar ita ce Alhaji. Gadar nan ya riga ya nuna wa abokansa hotonta a waya. Albashin masu gadi kuma yana ganinsa asara, tunda a cewarsa ranakun aiki ba kowa. Da wace magana zan shawo kansa?

Nas a Kef Tawun:

Ɗan uwa, kafin maganar Alhaji ga abu biyu daga nan Afirka ta Kudu. Ƙungiyar ceto ta sa-kai, NSRI, ta fara kafa robobin ceto masu ruwan hoda a bakin teku a 2017. Kowace na rataye a sanda, da lambar wayar gaggawa da lambar wurin a jikin allo, don mai kira ya iya faɗin inda yake. Launin yana fita a cikin kumfa, kuma wanda ya sace ba shi da inda zai kai ta ba a gane ba. An yi su ne saboda irin saurayi na biyu da Baba ya ba da labari, mai shiga ceto hannu wofi. In ba ku sami irinsu ba, jarka mai murfi da igiya, a shafa mata fenti, tana riƙe babban mutum a saman ruwa. Wannan ya amsa rabin kukan Alhaji: ranakun da ba mai gadi, jar tuta da robobi a sanda, ranakun taro kuma cikakkun ma'aikata.

Na biyu, a zanenka ka bar hanya mai tauri da mota za ta bi har kusa da hasumiya, kada mai tsire ko masu ajiye motoci su toshe ta. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintoci in ba iska, daga Ibeju kuwa asibiti ba kusa ba. Duk ma'aikaci, har mai shara, ya koyi hura iska a baki da danna ƙirji. Wanda aka ciro daga ruwa ba ya numfashi, iska ake fara ba shi. A daina juya mutum ƙafa sama ko danna masa ciki wai a fitar da ruwa, amai kawai ake jawowa ya shaƙe shi. Wanda ya farfaɗo yana tari ma a kai shi a duba huhunsa. A rubuta lambobin kiran gaggawa na Legas, 112 da 767, a jikin hasumiya.

Alhaji kuwa nuna masa za ka yi. Wani malamin jami'a a Sidni, Rob Brander, ya yi suna da zuba rini marar illa a cikin makwarara jama'a na kallo, launin ya miƙe zuwa ciki. Akwai bidiyonsa a YouTube.

Baba Mai Doki:

Ba sai an sayi rini ba 'yata. Ɗana, ka kawo Alhajin filin da kansa lokacin da ruwa ya janye, a lokacin makwarara ta fi ƙarfi, masunta za su gaya maka sa'ar. Ku tsinci busassun ɓawon kwakwa guda biyu. Ɗaya a jefa cikin kumfa, zai dawo muku ƙafa. Ɗayan a ba shi ya jefa da hannunsa a wurin da shi ya ga ya fi kwanciya, ya tsaya ya kalli inda zai nufa. Daga nan ku wuce Lekki inda gwamnati ta jera ganuwar duwatsu cikin ruwa, ya ga yadda ruwa ke bin jikinsu. Kada ka ce masa komai a kan gada, ɗan kasuwa ne, zai yi lissafinsa. In ya tambayi kuɗin masu gadi, ka tambaye shi nawa ne cinikin Sallar da za ta biyo bayan ranar da aka fito da gawar ɗan wani daga filinsa.

Maganar ja da rawaya a masallaci, ku ƙarata kai da Injiniya. In kun sa rana ka gaya wa jikana, zan zo in nuna muku inda hanyar dawaki za ta bi. A taho mini da goro fari.